Kafin a Buɗe Ƙofar Filin Wasa

Tara saura kwata a Townsville,
rana ta riga ta zauna kan kwanon rufi
kamar mai bin bashi.
Yara goma sha tara sun yi layi a bakin ƙofa,
kowa da hularsa mai faɗin baki,
ni kuma da kwalbar nan mai famfo
wadda makaranta ke saye katan-katan.

Ba hula, ba wasa. Ba mai, ba fita.
A bango na tarar da dokar, ta girme ni a aikin.

Lachlan ne farko, kullum shi ne,
ya miƙo hannu kamar mai jiran canji.
Na matsa, na shafa: hanci, ƙeya,
bayan kunne inda kowa ke mantawa.

Imogen ba ta cikin 'yan famfo.
Uwarta ta kawo nata daban a leda,
ta manna takarda a murfi da jan biro:
mai zinki kawai, don Allah.
Jiya ta tare ni wajen ajiye motoci,
ta juya kwalbarmu, ta bi rubutun da farce,
ƙanana kamar ƙwan kiyashi,
oktokirilin, homosalet, abobenzon,
harshenta na tuntuɓe a kan kowanne.
Ta ce ta ji wai suna ratsa fata har cikin jini.
Ta ce, Marnie, shekararta uku fa,
ɓawon tumatir ya fi fatarta kauri.
Na ce hukuma ta yarda da shi.
Ta ce ta sani. Ta ce, amma sun gama bincike?
Na sunkuya na ɗaure igiyar takalmina
da ba ta kwance ba.
Ni renon yara na karanta.
Na iya raba faɗa kan shebur ɗaya,
ban iya raba wannan ba.

Zinkin nata kauri gare shi, ba ya shafuwa,
na gama da ita ta fito fari fat
kamar ta faɗa buhun fulawa.
Tavita ya ce fatalwa! Ta ɓare baki.

Babana ya yi shekara arba'in a gonar rake a Ingham,
ba riga, hular ma sai ya tuna.
Sau uku likita na rage masa kunnen hagu,
yanzu tabarau ba ya samun wurin zama,
da zare yake ɗaure shi.
Na kai masa zancen ranar Lahadi,
ya ce, shafa musu, yarinya,
ko man tarakta ne ki shafa musu.

To ga ni nan tsaye
tsakanin kunnen babana da farcen uwar Imogen,
kowanne na nuna mini abin tsoro,
kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Ina cikin haka Tavita ya lashi hannunsa,
ya yamutsa fuska, ya ce, ɗaci.
Na goge masa harshe, na ba shi ruwa,
na rubuta a littafin aukuwa:
tara da minti biyu, lasa ɗaya, yana dariya.

Sai jira. Minti ashirin kafin mai ya kama jiki.
Muka zauna a tabarmar roba ƙarƙashin fanka,
muka ƙirga yatsu gaba da baya,
muka yi gardama kan ko kada na da gwiwa.

Na buɗe ƙofa. Suka ɓarke kamar an kwance awaki.
Imogen, hawaye sun yi mata hanya biyu a cikin farin,
ta riga kowa hawa lilo.

Da dare na wanke hannu sau biyu,
ƙamshin kwakwar bai fita ba.
Rediyo ta ce gobe ma rana ba sassauci.
Na duba jaka ko na saka tabarau na karatu,
don rubutun bayan kwalbar ƙanana ne.