Ƙasa da Teku

Ina shekara tara aka naɗa ni bakin gidanmu.
Ba taro, ba guɗa.
Wasiƙa ce ta faɗo ta kafar ƙofa,
Baba ya juya ta, ya sake juyawa,
ya miƙo da hannun da tsatsa ta rina:
"Karanta, Yamna. Me kuma suke so?"

Haraji suke so. Sa hannu suke so.
Wani lokaci sanarwa ce, haya ta ƙaru.
Na koyi dakushe kaifin magana
kafin ta isa kunnensa,
na iya cewa "ba komai" da harshe biyu.

Shekara uku Mimun ya zo yi a Rotterdam,
ya yi talatin da ɗaya
yana kankare cikin jiragen ruwa.
Akwatinsa na bisa kabad, ɗaure da igiya,
kamar baƙon da ya ce yanzu zai tashi.

Duk hutu mu loda mota har rufi,
kwana uku a hanya, sai Nador,
inda yake gina gida bulo bayan bulo,
hawa uku, ɗaki goma sha ɗaya.
Tattabaru kaɗai suka tare.
Can yara su ce, ga 'yar Holan.
Nan malama ta ce, da fara'arta,
"Kai, kin iya harshenmu!"
Alhali a asibitin bayan makarantar
aka yanke mini cibiya.

Inna Tlaitmas ta shuka na'ana'a a gwangwanin fenti.
Sanyi ya kashe, ta sake.
Ya kashe, ta sake.
Ban taɓa jin ta zagi sanyin ba.

Na girma, ruwa ya zama aikina.
Garin nan kwance yake ƙasa da teku,
madatsa da famfo ke riƙe da shi.
Ni ke duba injinan da ba sa barci,
in allura ta hau, ni ake tasa da tsakar dare.
Da na gaya wa Baba, dariya ya yi har da tari:
"Mu fari ya koro,
ke ana biyanki ki kori ruwa."

Na sayi gida, bashin shekara talatin.
Wata biyu ina ɓoye masa takardar,
don sayen gida a nan
daidai yake da kwance igiyar akwatin.
Da ya zo gani, bango ya ƙwanƙwasa,
ya ce siminti ya yi ƙaranci,
sannan ya zauna ya nemi shayi.

Yanzu mantuwa na shigo masa
ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali,
irin shigar da babu famfon da ke kwashewa.
Holancin ta fara ɗauka, ɗan abin da ya tara.
Ya koma harshen duwatsu, na uwarsa,
wanda nawa duk ya yi huji.
A gaban likita ina laluben sunan haƙarƙari.
Ɗana Idir kalma biyu ya sani, "gurasa" da "zo",
da su suke hira har magariba.

Jiya wata wasiƙar ta zo,
daga asusun da ya yi shekara arba'in yana zuba wa kuɗi
don a mai da gawarsa gida.
"Karanta, Yamna."
Na karanta. Wannan karon ban dakushe komai ba.

Ya daɗe yana kallon na'ana'ar Inna a taga.
"Wa zai riƙa zuwa mini ziyara can? Tattabaru?"
Na yi shiru.
"Ƙasar nan, in an haƙa, da ruwa?"
Na ce, da ruwa, Baba.
Ya gyara zaman hularsa.
"To," ya ce, "ai ke ce mai famfon."