Ɗakin da Ba Shi da Taga

Bayan isha'i, a fadarmu ta Mokoyo,
butar shayi tana huci bisa gawayi,
Nomau mai gyaran rediyo ya share ƙasa da tafin hannu,
ya zana kusurwa uku, ya dasa ido a tsakiya.
Ya ce, "Ku duba da kyau.
Duk sarkin da ya faɗi, daga Faransa har Rasha,
duk fadar da talakawa suka cinna wa wuta,
mutum bakwai ne suka ƙulla,
a ɗakin da ba shi da taga.
Zobensu iri ɗaya, gaisuwarsu da yatsa uku.
Talaka dokin kara ne,
ƙafar wani ke yi masa gudu."

Samari suka matso har gwiwa na gugar gwiwa.
Barmo ya bar kabu-kabunsa a kunne,
mai yana ƙonewa, bai ji ba.
Labarin yana da daɗi, ban ƙi ba,
kamar kilishi ne, ana tauna ba a ƙoshi.

Ni kuwa Tsahara na tuna, uwar uwata,
da hannunta na hagu da ya warke a karkace.
Ta ce shekarar da gyaɗa ta yi albarka
sikelin kanti ya koyi ƙarya,
buhu uku su hau, biyu su sauko a takarda,
ga haraji yana jira a bakin zaure.
Ranar wata Juma'a ta kwance ɗankwali ta ɗaure ƙugu,
ta kifar da sikelin.
Matan Tibiri suka bi, na Madarunfa suka bi,
har kulki ya sami ƙashinta.
Ba ta da zobe, ta sayar tun bazara.
Ba ta san Faransa gabas take ko yamma ba.
Taron asirinta rumbu ne da babu hatsi,
da ƴaƴa biyar masu kallon tukunya.

Na ce, "Nomau, a cikin bakwai ɗin nan
wane ne ya raɗa wa Tsahara?
In su suka yi komi,
ina zan ajiye hannunta?"

Ya yi murmushin mai tausayin jahili.
"Ai aikinsu ke nan, kada ka gan su."

Watakila. Duniya ba ta rasa ɗakuna masu duhu,
kuma kura ba ta shelar inda ta kwana.
Amma na lura da abin da zanen ke yi mana:
in linzami yana can nesa, hannun da ba a gani,
to babu laifi mu zauna,
a zuba na biyu, a zuba na uku.

Da safe tiyar gero ta ƙara dala ashirin a Kadro.
Na bi ta fada, zanen yana nan,
akuyar maƙwabta ta taka idon.