Ruwan da Ba Ya Jiƙa Riga

Ni ne Armindo. Shekara talatin da ɗaya
ina yankan makulli a wani lungun Porto,
ƙofar shagona na kallon kogin Douro.
Na san ranar da kogi ke hawo matakala,
mu ɗage kaya bisa kanta, mu jira ya janye.
Wannan ruwan dabam ne.
Ba hadari, ba tsawa.
A ambulan yake zuwa, da hatimin banki.

Can baya, da kuɗin ruwa ya kwanta,
injina bai san hutu ba.
Bibbiyu suke shigowa, hannu cikin hannu:
"A yanka mana uku, ɗaya na surukata ne."
Deolinda ma ta zo, ma'aikaciyar jinya,
da mijinta Telmo, direban bas.
Ɗaki biyu, hawa na huɗu, sai an taka da ƙafa,
bashin shekara arba'in.
Ta ɗaura wa makullin jan zare
don kada ya ɓace mata a jaka.

Sai ruwa ya fara tasowa.
Wata shida, wasiƙa. Wata shida, wata wasiƙar.
Biyu cikin ɗari. Uku da rabi. Huɗu da ɗoriya.
Gidan bai ƙara ɗaki ba,
tagar da ke yoyo tana nan tana yoyo,
amma biyan wata ya tashi daga Yuro ɗari biyar
ya zauna a ɗari takwas, ya miƙe ƙafa.
Telmo ya sayar da babur.
Nama ya koma na ranar Lahadi.
Da sanyi ya shigo, ba su kunna komai ba,
bargo suka ƙara.

Masu sayarwa sun kafe kan farashi,
masu saye sun cusa hannu a aljihu,
allunan talla suka kwana a baranda
har rana ta cinye lambar wayar.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
sai dai wani hanjin murɗawa yake da dare.

Jiya ta dawo, ita kaɗai, da kayan aiki a jikinta.
Sun koma gun tsohuwarta a Gondomar,
su huɗu a falo, yara kan katifa ɗaya.
Gidan kuwa na baƙi ne yanzu, 'yan yawon buɗe ido,
kwana uku-uku, su biya, banki ya karɓe.
"A yanka mini biyar," ta ce,
"da ɗan akwatin nan mai lamba na jikin bango."

Rediyo a bayana yana ta murna:
an rage ruwa da rubu'i.
Ba ta ɗaga kai ba.
Ni dai na san kogi, ko ya janye
laka yake bari har gwiwa,
kuma ba shi ke zuwa da shebur ba.

Na miƙa hannu in karɓi makullin.
Ta ce, "Tsaya."
Ta sa haƙori ta kwance jan zaren,
ta naɗe shi a ɗan yatsa,
sannan ta ba ni ƙarfen tsirara.
Na kunna inji. Ƙararsa ta rufe mana baki.