Bashin Itace

A Sarayebo, shekarar da wuta ta yi wa gari zobe,
ina ɗan sha biyu na sare itace a lambun nan.
Cikin dare na ja shi bisa ƙanƙara
don kada sanyi ya ci ƙafafun uwata.
Ban faɗa wa kowa ba. Kututturen ya sani.

Juma'a ta liman ce, Asabar ta Rahela,
Lahadi ta masu coci,
sai aka tsayar da Talata.

Liman Nedzad ya naɗe wando,
taɓo har gwiwa, yana kokawa da dutse.
Sista Ljerka ta ce ramin bai kai ba,
Fada Radivoje ya ce ya kai,
musu kamar na rabon gado,
har tsohuwa Rahela ta zura sandarta:
"Ku ƙara taƙi ɗaya."
Aka ƙara.

Ba wanda ya tambayi dashen
ina alƙiblarsa.

Azahar ta yi, liman ya miƙa wa Fada bokiti:
"Riƙe min, ina zuwa."
Kafin ya dawo ƙararrawa ta kaɗa,
bokiti ya koma hannun Rahela.
Ko ɗigo bai zuba ba.

Ni na nemi gurbin kututturena
kusa da bencin nan mai karyayyar ƙafa.
Na durƙusa, na danne ƙasa da tafi.
Kai ɗan siriri, tsinken tsintsiya,
inuwarka ba tawa ba ce, na sani.
Bashi na zo biya,
ga shi har da ruwa.