Bango Uku da Rabi

A Rosario, bakin kogin Parana,
farashin burodi kan sauya kafin ya huce.
Eusebio Galarza, tsohon direban bas,
ba ya barin fansho ya kwana a aljihunsa.
Ya ce peso ƙanƙara ne a tafin hannu,
kana matsewa yana zuba.

Sau ɗaya banki ya rufe da guminsa a ciki,
ya buga murfin tukunya a titi har ya lotse.
Tun daga nan sai tubali:
arba'in wannan wata, sha bakwai na gaba,
jere a gindin lemo.

'Yarsa Nerina dariya take.
Nata arzikin yana cikin waya,
jan layi da kore
masu hawa da sauka kamar ƙirjin mai zazzaɓi.
Ta sayar da hannun jari tsakar dare don tsoro,
da safe ya tashi ba da ita ba.
Wani makon ta ci riba,
ta saya masa takalmi.

"Baba, tubali ba ya haihuwa."
"Ba ya narkewa dai."
Ruwa ya cinye layin ƙasa,
bai faɗa mata ba.

Jiya ta zo da ciki da akwati biyu,
haya ta ninka.
Ya ƙirga tulin da sanda.
Bango uku da rabi.
Ta duba wayar, ta daɗe,
ta ce siminti da kwanon rufi nata ne
in aka saya kafin Litinin.