Bokitin Winifred

Kafin ka hango bututun hayaƙin, hancinka ya riga ka isa:
ƙamshin tsiron sha'ir a tukunyar tagulla,
kamar burodi ya ɗan ƙone a gidan maƙwabta.
Talata da Juma'a, da shi unguwarmu ke kwana.

Enoch Brayshaw ba fili ya saya ba, in ji kakata,
rijiya ya saya.
Ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya ji gardin dutse,
ya biya ba tare da ya taya ba.
Mutanen gari suka ce ya zautu.
Shekara ɗari biyu ke nan
rijiyar ba ta tanka musu ba, sai dai ta ba da ruwa.

Iri uku ya bari.
Baƙa, mai nauyi, ta masu sauke kwal a bakin kogi,
wadda ake sha a tsaye, da tari.
Ja, mai ɗacin furen hof, ta masaƙa in an tashi aiki.
Ta ukun ba a buɗe ta sai tsakiyar hunturu,
ta shekara a duhu cikin gangar katako,
har ta manta da wanda ya dafa ta.

Ubana maƙerin ganga ne, na ƙarshe a gidan.
Ba ya awo. Ya ɗaga katako, ya kanne ido ɗaya,
ya ƙwanƙwasa, ya saurara.
Ganga mai ƙarya, ya ce, daga muryarta ake kama ta.
Babban yatsansa na hagu ya tafi tun ina goye,
bai taɓa ba ni labari iri ɗaya a kansa ba.

Amma tarihin ba ya jikin bango,
ba ya cikin hotunan masu gashin baki a ofis.
Yana cikin yis.
Kumfa ce kawai, launin ƙasa, ba kyan gani,
a kwashe ta daga dahuwar yau a zuba a ta gobe,
jika na haihuwar kaka, kaka na haihuwar jika,
tun zamanin Enoch ba ta mutu ba.

Sau ɗaya ta kusa.
Daren da kogi ya fasa, ruwa ya cika ɗakin ƙasa,
dawakan jan kaya na haniniya a barga,
maza suka ruga ceton dawaki da littattafan kuɗi.
Winifred Sugden, mai wanke kwalabe,
wadda albashinta bai kai rabin na kowa ba,
ita ta sauka, ruwa iya ƙirji,
ta fito da bokitin madara a ka, an rufe da ɗankwali.
Ta kai shi gidanta a kan tudu,
ta ajiye a inda take ajiye man shanu,
tana ba shi sukarin shayinta har mako biyar.
Ba a rubuta sunanta ko'ina ba.
Ita ce kakata. Ko kurɓi ɗaya ba ta taɓa sha ba,
wai warin ma ya ishe ta.

Yanzu tankunan ƙarfe ne, masu sheƙi,
masu gidan suna wani birni, ba mu san fuskarsu ba.
Barga ta zama shagon sayar da riguna da kofuna,
baƙi na ɗaukar hoton rijiya ta bayan gilashi.

Ni ke buɗe ƙofa ƙarfe biyar na asuba.
In ɗaga murfi, in duƙa.
Ga ta nan, tana numfashi a hankali,
tana ƙananan ƙorafinta
kamar tsohuwar da aka tasa daga barci.
Nakan ce mata ina kwana.
Yaron da ke koyon aiki yana dariya.
Bar shi, kwana nawa ne,
shi ma zai fara.