Bufen Kaka Mati

Bai shiga ta ƙofar zaure ba.
Sai da aka fasa gefen katanga, in ji Inna,
ran da Kaka Mati ya turo shi Birni a amalanke,
ladan shekara tara yana soya wa Bature albasa.
Baturen ya ce ya cika nauyi, ba ya kai shi Yamai.

Baƙi wuluk, tsaye ƙyam, ba lanƙwasa ko ɗaya,
ba fure, ba ganye, ba kan zaki.
Ƴan murabba'ai kawai, fari da baƙi,
sun jeru a goshinsa kamar gurbin dara,
sai mariƙan tagulla huɗu.
Uku dai. Ɗaya ya ɓace tun ina rarrafe,
Inna ta ɗaura tsumma a wurin.

A samansa kwanukan samira, baki bisa baki.
Aljihun hagu, takardar gida da katin awo,
da maɓallan rigunan da suka daɗe da mutuwa.
Can ƙasa sukari mai ƙwaya,
makullin kuwa a gefen zanen Inna.
Ni da Habsu muka gano allon baya yana motsi.
Shekara uku ana zargin tururuwa.

Bara Sidiku dillali ya rako wani baƙo.
Ya durƙusa, ya haska ƙarƙashi da salula,
ya shafa kusurwa kamar mai taya rago.
Ya ce salon Biyena ne, ƙasar Otirish,
inda wasu masu zane suka gaji da tarkacen ado
suka koma ga layi da kusurwa.
Ya ce wannan kwaikwayo ne,
amma kwaikwayo in ya tsufa shi ma kuɗi ne.
Jika ɗari huɗu.

Inna ba ta ce a'a ba.
Ta kama hannunsa har bakin lungu,
ta nuna masa fuskar gidan Alhaji Barma,
zanen da magina suka tsaga da yatsa a ɗanyar ƙasa,
layi bisa layi, kusurwa cikin kusurwa.
Ta ce, su ma Biyena suka je?
Baƙon ya yi dariya, ya ɗauki hoton bangon,
ya manta bai ɗauki na bufen ba.

Da damina gara ta cinye ƙafar baya.
Nomau kafinta ya sassaƙo wata da maɗaci,
ya ce gara ba ta son ɗaci.
Sidiku ya dafe kai: kun karya masa daraja!
Wataƙila. Amma ya daina ɗingishi.

Inna ba ta ga ƙarshen damina ba.
Makullin yana hannuna yanzu,
da sauran zaren zanenta a wuyansa.
In na buɗe, kanumfari ke fara fitowa,
sannan ita.

Jiya da dare na so shan shayi.
Na tsinci kaina durƙushe a bayan bufe,
ina lallaɓa allon nan a hankali
kar ta ji.